TARIHIN GIDAN GADO A ƘASAR CADAWA DA MAGANAR GYARANSA

Iyayenmu dattawa da ke gida, da 'yan'uwanmu da ke wurin biɗa a Maraɗi da Yamai da Kano da Ikko da Abijan, har da waɗanda suka haura arewa zuwa Agadas da Libiya, muna so a wannan karo mu tattauna wata magana wadda ta daɗe tana cin mutane a ciki, watau maganar tsohon gida.

Tun daga damanar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi, ba mu ji damanar da ta sa mutanen ƙasar nan yawan zancen gini kamar ta 2024 ba. Wanda ke waje ya aiko da saƙo cewa a rushe tsohon gida duka, ya turo kuɗi a yi na siminti. Tsoho kuwa ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa zauren ubansa. Mun ga gidan da wa da ƙane suka daina gaisawa a kan wannan magana, mun kuma ga gidan da aka yi ta ja-in-ja har damana ta zo ta raba gardama, ta kayar da ɗakin da ake faɗa a kansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu koma baya mu duba yadda gidajenmu suka samo asali da irin sauye-sauyen da suka sha, domin wanda ya san tarihin abu ya fi sanin inda zai taɓa da inda zai bari.

GIDAN FARKO

Kowa ya san cewa bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yiwo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan haka. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na yaƙi da hari tsakanin Maraɗi da Katsina. A wannan zamani mutum ba ya kwana nesa da ganuwa ko shinge sai in ya gaji da ransa. Jama'a ta taru a garuruwa kaɗan masu tsaro irin su Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da Gazawa, tsakaninsu kuwa yawanci daji ne, sai mafarauta da makiyaya.

Da Turawan Faransa suka shigo daga 1899, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Ingilishi cikin shekarun da suka biyo, hari ya mutu, sai mutane suka fantsama cikin daji neman gona. Ƙauyuka da yawa na tsakanin Maraɗi da Tasawa a lokacin nan suka kafu ko suka bunƙasa. Mutum ya zo da iyalinsa da gatarinsa, ya yi sassabe, a haƙa rijiya, wasu su biyo shi.

To, wane irin gida waɗannan kakanni namu suka gina? Yawancinsu ɗakin kara ne da jinka. A kafa itatuwa, a kewaye da zana ko karan hatsi, a ɗaura jinka da shuci, jama'a su taru su ɗaga ta su aza. Daga nan aka sami karin maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ɗan hali ya yi kago, watau ɗakin ƙasa mai da'ira da rufin ciyawa. Gida kuwa darni ne ya kewaye shi. Dalili a fili yake: ƙasarmu jigawa ce, yashi ya fi yawa, yumɓun gini sai an je fadama ko bakin tabki, ciyawa da icce kuwa ga su nan a ƙofar gida kyauta. Irin wannan gida ba ya shekara uku ba a taɓa shi ba. Kowace rani sai an sake darni, a yi wa jinka baibaya, a maye gurbin iccen da gara ta ci. Babban abokin gabansa gobara ce, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa, wuta ɗaya ta tashi ta lashe unguwa da rumbunanta.

Abin da muke so 'yan'uwa su riƙe daga nan shi ne, gidan da muke kira na kakanni bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Kowane uba ya gaji gida ya sake masa wani abu.

TSARIN GIDA

Kayan gini sun yi ta sakewa, amma tsarin gida ya daɗe yadda yake. Daga waje sai zaure, inda maigida ke zama, ya karɓi baƙi, a ci tuwo tare, a yi sulhu, a ɗaura aure, a yi zaman makoki. A wasu gidaje nan ne almajirai ke karatu, ko masaƙi ya kafa masaƙarsa. Bayan zaure akwai fili inda samari da baƙi ke kwana, a ɗaure doki ko jaki. Sa'an nan a bi ta shigifa ko wata 'yar ƙofa a karkace, a shiga cikin gida. An karkata ƙofofin nan da gangan, don wanda ke tsaye a waje kada idonsa ya kai tsakar gida. A ciki kowace mace da ɗakinta, ga turakar maigida, ga murhu, ga turmi a gindin icce, ga turken awaki, ga makewayi can ƙurya. Rumbuna kuwa wasu a cikin gida, wasu a bayan gari saboda tsoron wuta.

Wannan tsari ya tafi daidai da yadda ake noma a lokacin. Gida ɗaya gandu ɗaya ne. Uba da 'ya'yansa maza da matansu, wani lokaci har da ƙannensa, duk suna aiki a gonar gandu, a ci daga rumbu ɗaya, maigida ya biya wa kowa haraji, ya yi wa saurayi auren fari. Kowa kuma yana da 'yar gamanarsa da yake nomawa a ranakun da aka ba shi. In saurayi ya yi aure, sai a ja darni baya kaɗan, a yi masa sashe. In tsoho ya rasu, a bar ɗakinsa ya faɗi, bayan shekaru a sake gina wani a wurin. Fili bai zama abin damuwa ba.

ZAMANIN GYAƊA DA SORO

Abin da ya fara sauya fuskar gidajenmu gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe ciniki, sannu a hankali noman gyaɗa ya hauro arewa. Harajin da Faransa ta ɗora na kuɗi ne, saboda haka wanda bai shuka gyaɗa ba sai ya sayar da akuya ko ya tura ɗansa ci-rani. Cikin shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ta kai ƙarshen ƙarfinta a ƙasar Maraɗi. Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayenta, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Cadawa da ke bakin babbar hanya, inda hanyar Mayahi ta rabu, ta ci moriyar wannan zamani. Dattawanmu suna tuna lokacin awo, da sikeli, da tarin buhuna, da manyan motoci.

Kuɗin gyaɗa ne ya kawo soro cikin ƙauye. Dā soro na sarki ne da attajiri da babban malami. Yanzu sai ga manomi ya sayar da gyaɗarsa ya kira magini. Abin da ake fara ginawa kusan kullum zaure ne, domin shi ne fuskar gida, sa'an nan turaka, sa'an nan a kewaye gida da katangar ƙasa a maimakon darni. Katanga ta zo tare da wani sauyi kuma: masu hali da suka dawo daga Makka ko suka zauna birni suka fara sa matansu kulle, sai aka ƙara wa bango tsawo.

Abin da ya faru a Maraɗi shi ma ya yi tasiri. A 1945 Gulbi ya cika ya shiga tsohon gari da ke cikin kwari, gidaje suka narke. Hukumar Faransa ta mayar da gari bisa tudu, ta ja tituna miƙaƙƙu, ta yanka filaye masu kusurwa huɗu. Mutanen ƙauye da ke zuwa cin kasuwa suka ga sabon fasali, ɗaki mai kusurwa huɗu a jere jikin katanga, suka ɗauko shi. Gadon ƙarfe da akwati da kabad da suka shigo cikin kayan amare su ma sun taimaka wajen korar kago, gama ba su zama daidai a ɗaki mai da'ira.

Saboda haka yawancin sorayen da muke kira na dauri a ƙauyukanmu, na zamanin gyaɗa ne. A ranar da aka gina su, su ne sabon yayi, kuma ba mamaki an sami tsohon da ya ce shi ba zai kwana ƙarƙashin ƙasa ba tun bai mutu ba.

AIKIN MAGINA

Ya kamata matasa su san cewa ginin ƙasa sana'a ce mai ilmi, wadda ake gado, har da sarautarta ta Sarkin Magina. A ƙasar Hausa an yi magina da sunansu bai ɓace ba, kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya fiye da shekara 170 da suka wuce. Unguwar Birni ta Damagaram da tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, duk aikin ƙasa ne.

Magini na gaske ba ya gaggawa. A haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. A mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. In an zo gini, gindin bango ya fi kansa kauri nesa, kuma ba a aza sahu da yawa a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagawa daga giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita biyu, shi ya sa tsoffin ɗakuna ke da ƙunci, in kuwa ana son babban zaure sai a kafa ginshiƙi ko a ɗaura baka. Inda giginya ta yi wuya a yi da goriba irin ta Gulbin Kaba, ko wani icce mai tauri. A bisa azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a daɓe, a karkata rufin wajen indararo don ruwa ya fita nesa da bango. Daga ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce ke hana ruwa shiga. A birane masu marina da majema har laso ake yi da katsi da gashin jima da dafara.

Sharaɗin wannan gini ɗaya ne, watau yaɓe. Kafin ruwan fari ya sauka, dole a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a yi wa gindin bango sabon yaɓe. Dā wannan aiki na gayya ne, samarin gida da na maƙwabta su yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu, mata su dama fura. Soron da ake yi wa haka yana ganin jika da tattaɓa-kunne.

FARI, KWANO DA SIMINTI

Farin da ya tsananta a 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, su suka karya zamanin gyaɗa. Sa'an nan ga yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Waɗannan shekaru sun taɓa gida ta hanya biyu.

Ta farko, icce ya ƙare. Gonaki sun haɗe, daji ya tafi, in ban da wuraren da hukuma ta keɓe irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado. Azara ta koma kayan da ake sayowa daga nesa da tsada. Mutane suka koma rufi da kowane icce suka samu, gara ta ci shi cikin 'yan shekaru, rufi ya lotsa. Shuci ma ya yi wuya, karan hatsi kuwa dabbobi da murhu suna jiransa.

Ta biyu, samari suka fita. Tafiya biɗa da dā ake yi wata uku a dawo, ta zama ta shekara da shekaru. Lokacin da ya kamata a yi yaɓe, watau ƙarshen rani, shi ne lokacin da ba kowa a gida sai tsofaffi da mata da yara. Hannun da ke gyaran soro ya tafi, sai dai kuɗinsa ke zuwa. Kuɗi kuwa kwano da siminti yake saye.

Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki tun 1966, kwano kuma yana shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, musamman lokacin da Nijeriya ke cikin kuɗin man fetur. Tubalin hannu ya ba da wuri ga bulon ƙasa da ake zubawa a akwatin katako, wanda ya fi sauri amma bangonsa siriri ne. Rufin kwano ya zama alamar cewa ɗan gidan nan ya samu. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu 1994, kayan gini na waje suka yi tsalle, gine-gine da yawa suka tsaya a rabi, wasu har yau suna nan ba rufi. Cikin shekarun 1990 ne kuma aka jawo wutar lantarki daga Katsina zuwa Gazawa, ta wuce Maraɗi da Damagaram, garuruwan bakin hanya suka fara ganin fitila da fanka.

Ba mu musun amfanin kwano. Ya rage gobara, ya hutar da tsofaffi hawan soro. Amma duk wanda ya kwana ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, ya san abin da aka rasa. Soro mai kaurin bango yana riƙe sanyin dare har azahar, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Iyayenmu mata da aka yi wa sabon ɗakin kwano don a girmama su, da yawansu tabarma suke ɗauka su koma gindin bedi.

GIDA YA CIKA

Wani abin da ya matse gidan gado shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da 'yan kai a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami sama da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da kusan miliyan 3 da rabi. Yankinmu na Agiye da Gazawa da Gidan Runji yana cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. Darnin da dā ake ja baya in an yi aure, yanzu in ka ja shi ka shiga gonar wani ko gidan wani.

Gandu kuma ya watse. Tun da kuɗi ya shiga tsakani, kowane magidanci ya fi son tukunyarsa da rumbunsa. In uba ya rasu sai a raba gona, a zo kan gida a tsaya, domin gida ba ya rabuwa da sauƙi. Sai ka ga an ja bango ta tsakiyar tsakar gida, an sare iccen da ke ba kowa inuwa, an huda katanga an fitar da ƙofa uku. Zauren da ke bakin hanya a mayar da shi kanti ko wurin cajin waya. Mata kuwa, waɗanda shari'a ta ba su rabonsu cikin gado, sau da yawa ba a ko tambayarsu, sai ranar da aure ya mutu ko miji ya rasu, mace ta dawo gidan ubanta ta tarar ba inda za ta ajiye tabarma.

A nan ne mafi yawan rigimar gyara ke tasowa. Mai kuɗi a cikin magada ya gina ɗaki uku na siminti a filin da ba a raba ba. Shi a ransa taimako ya yi. Bayan shekara goma 'ya'yansa su ce ginin ubansu ne, 'ya'yan ƙanensa su ce filin kakansu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA RUWAN 2024 YA NUNA

A damanar 2024 ruwa ya kashe sama da mutum 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A ƙarshen watan Agusta ruwan kwana ɗaya ya yi ɓarna mai yawa a birnin Maraɗi, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi. Bayan haka gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar.

Da muka zagaya muka duba ɗakunan da suka faɗi a unguwanninmu, mun ga yawanci daga ƙasa ciwon ya kama su. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa shi, bango ya zauna. Dalilai kuwa sanannu ne. An cike kududdufan da dā ke shanye ruwan gari an yi gini a kansu. An toshe hanyar ruwa da sabuwar katanga. Maƙwabci ya ɗaga daɓensa da ƙofarsa, ruwansa ya koma gidan da bai ɗaga ba. Titi ya yi ta tasowa da shara da yashi har tsohon ɗaki ya koma rami.

Akwai kuma kuskuren da mu kanmu muka yi a wani gida namu, muna faɗa don wani ya tsira. An aiko da kuɗi aka shafe tsohon soro da siminti daga sama har ƙasa, ya yi kyau kamar ginin birni. Ashe siminti ba ya kama ƙasa. Ya tsage a ɓoye, ruwa ya shiga bayansa, ya rasa hanyar fita domin simintin ya hana bango shan iska. Daga waje ba a ganin kome, gara da danshi suna aikinsu a ciki. Ran da shafen ya ɓalle, da rabin bango ya tafi. Da yaɓen ƙasa ne, da tun tsagar fari an gani an toshe.

ABIN DA WASU SUKA YI

Kada a ɗauka ginin ƙasa ya zama na marasa hali kaɗai. A garin Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aka yi ta gyara shi ana ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi har 1982, a 1986 kuma ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda duniya ke ji da ita. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin, da tsohon masallaci ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, an bar shi tsaye. Wata 'yar Nijar mai ilmin zanen gini, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Tun 1980 kuma aka fara koya wa magina a Cikal, ƙasar Filinge, yadda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla, ba icce ko ɗaya, daga baya aikin ya bazu zuwa wasu jihohi.

Maganar icce ma ta fara sauyawa. Sassaben zamani da aka fara yaɗawa a ƙasar Maraɗi wajen 1984, watau barin tohon kututture a gona a riƙa yi masa aski har ya zama icce, ya mayar da itatuwa masu yawa cikin gonaki. Ɗan Saga da ke nan ƙasar Agiye har baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa gani. Wanda ya raini icce a gonarsa yau, ɗansa ba zai sayi iccen rumfa ba.

SHAWARARMU

Ga abin da muka tsinta daga wannan tarihi, muna miƙa wa na gida da na waje.

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a zauna a gama maganar gado. A kira dukan magada, maza da mata, na kusa da na nesa, a gaban mai gari da liman da shaidu. A faɗi ko gidan raba shi za a yi ko a bar shi na kowa, in kuma wani zai yi gini, a faɗi matsayin ginin. A rubuta. Tun dokar ƙasa ta karkara ta 1993 an tanadi kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida, a nemi tasu takardar a ajiye.

Sa'an nan a fara da hanyar ruwa. A duba inda ruwan gida ke fita da inda na maƙwabta ke bi, a yi magana da su tun rani. Kuɗin da ke hannu in kaɗan ne, gindin bango da rufi suka fi cancanta da shi. A yi wa gindi dakali na dutse ko bulon siminti, a ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida, a sa indararo mai tsawo. Bangon ƙasa mai lafiya a bar shi da yaɓen ƙasa. In za a sa kwano, a bar masa baki ya sauko ya kare bango, a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damana, a yi masa silin ko da na zana ne. A fitar da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a sa musu raga saboda sauro. Masai da wurin wanka a nisanta su da rijiya da gindin tsohon bango. Wayar lantarki kuwa a kira wanda ya iya, kada a bar wa yaro.

A tambayi mata kafin a ja layi, gama su ke wuni cikin gidan. Su suka san inda hayaƙi ke bi, da inda rana ke faɗawa da la'asar, da inda ya kamata a yi rumfar girki. Kada a cinye tsakar gida da ɗakuna har a rasa wurin daka da shanya da taron suna. Kada a sare iccen tsakar gida. A bar ɗaki ɗaya wanda ba na kowa ba, don baƙo da 'yar gida da ta dawo.

Tsoho ko tsohuwa da ke da rai, kada a fitar da su daga ɗakinsu da sunan gyara sai da yardarsu. A gyara musu inda suke. Zaure kuwa, in da hali a bar shi. Mai son kanti ya fitar da shi a gefe. Gidan da ba shi da zaure, ranar rasuwa a titi ake shimfiɗa tabarma.

Ga iyayenmu dattawa kuma, Allah ya ƙara muku lafiya, muna roƙo da ladabi ku sassauta. Ɗan da ya ce zai yi wa gida masai na zamani, ko famfo, ko ɗakin da matarsa za ta rufe ƙofa, ko wurin da yara za su yi karatun lakwal da dare, bai raina ku ba. Abin da iyayenku suka yi ne ran da suka tuɓe jinka suka aza azara. Ku nuna masa inda kakansa ya kwanta da inda ruwa ke bi, ku sa masa albarka.

Ga 'yan'uwa na waje, kuɗi kaɗai ba ya riƙe gida. Wanda ya samu dama ya zo da kansa kafin damana, ya hau soro ya duba. Wanda bai samu ba, ya ware wani abu kowace shekara don yaɓe, ya damƙa wa amintacce. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muna kuma roƙon duk gidan da ke da tsohon da ya san wanda ya gina zaurensu, da shekarar da aka gina, da inda aka samo azara, a sa yaro ya rubuta ya aiko mana, domin tsoffin magina suna ƙarewa. Inda muka yi kuskure cikin wannan bayani, dattawa su gyara mana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa gidajen nan, ya kai haske kabarinsu. Allah ya ba mu damana mai albarka marar ɓarna, ya dawo da matafiya lafiya, ya bar zumunci. Amin. Wassalam.